Yaushe Ake Cewa Jirgin Lilo Ya Yi? Tambayoyi Da Amsoshi Ga 'Yan Uwa Mazauna Legas

Duk shekara idan sallah ta ƙarato sai tambayoyin nan sun dawo. Iyaye a Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna neman inda za su kai yara yawon sallah, samari kuwa sun ƙoshi da kallon manyan jiragen lilo a YouTube, gardama ta kaure a majalisa kan wanda ya fi wani. Na daɗe ina bibiyar harkar, na hau waɗanda Allah Ya ba ni iko, na kuma yi rakiyar yara ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ga abubuwan da aka fi tambaya.

Mene ne jirgin lilo, kuma me ya raba shi da sauran lilo?

Shi ne wanda Turawa ke kira rola-kosta: jerin taragu buɗaɗɗu da ke gudu a kan layin dogo mai hawa da gangara da kwana, wani ma har da alkafura. Sauran lilo a wuri ɗaya suke juyawa, shi kuwa tafiya yake yi ya zagayo tasharsa. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne mafi yawansu ba su da inji a jiki. Sarƙa ce take jan taragun zuwa ƙolin tudun farko, daga nan sai a sake su, nauyinsu ya ƙarasa aikin. Shi ya sa a irin wannan tsari tudun farko yake fin na bayansa tsayi. Akwai kuma waɗanda ba a ja da sarƙa, harba su ake yi daga ƙasa da ƙarfin maganaɗisu ko na inji.

A Amurka harkar ta kafu ne a 1884, lokacin da LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island da ke New York. Gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, amma mutane suka yi ta tururuwa.

To da me ake gane cewa jirgin lilo ya yi?

Tsaya a ƙofar fita ka kalli masu saukowa. Wata sallah na kai 'yar ƙanwata, shekararta 9, wani wurin wasa. Tun muna layi ta riƙe gefen rigata, tafin hannunta sharkaf da gumi. Da aka fara hawa ta runtse ido tana salati. Da muka tsaya, ƙafafunta na rawa, ɗankwalinta ya zame har wuya, ko takalminta ba ta gyara ba ta ɗago ta ce, "Kawu, mu sake." Ni a wurina wannan kalmar ita ce ma'auni. Idan masu saukowa suna waiwayen layi, jirgi ya yi. Idan suna dafe da wuya suna murza kafaɗa suna neman inda za su zauna, akwai matsala, komai tsayinsa.

Masoyan harkar, waɗanda suka hau ɗaruruwan jirage, suna rarrabe dalilan. Na farko a bakinsu shi ne tashi daga kujera, wato lokacin da tarago ya ƙetare tudu ka ji jikinka ya rabu da mazauni, hanjin cikinka ya taso sama, kamar yadda ake ji idan direban danfo ya tsallake tudun gada da gudu, sai dai nan an auna shi an kuma ɗaure ka. Suna duba ko tafiyar sumul take ko jijjiga ce. Suna duba ko akwai wurin da jirgin ya mutu a tsakiya, ya riƙa jan ciki ba ya tsinana komai. Sannan abin da ake mantawa a bidiyo: shin ranar da ka je yana aiki? Na ƙarshen nan na yi masa bayani a amsar da ta shafi layi da lalacewa.

Ashe ba wanda ya fi tsayi da gudu ba ne ya fi?

Nan ne gardamar samarinmu take tsayawa, nan ne kuma na fi saɓa musu. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ɗauki jirgin Kingda Ka da aka buɗe a jihar New Jersey ta Amurka a 2005. Tsayinsa mita 139, yana kai kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa 3 da rabi, kuma shi ya riƙe kambun tsayi a duniya kusan shekara 20. Amma tafiyar duka ba ta kai minti ɗaya ba: a harba ka, ka hau, ka sauko, shi ke nan. Ga yawan tsayawa don gyara. An rufe shi a ƙarshen 2024, aka rushe shi a watan Fabrairun 2025. Akwai masu kewarsa har yanzu, kuma ina fahimtarsu, domin harbin nan nasa ba abin rainawa ba ne. Sai dai ko a lokacin da yake tashe, da yawa cikin masoya ba sa sanya shi a sahun farko.

Son of Beast ya fi shi zama darasi. An buɗe shi a wurin wasa na Kings Island da ke jihar Ohio a 2000, na katako mafi tsayi a duniya, mita 66, har da alkafura. Jijjigarsa ta addabi mahaya, aka cire alkafurar bayan wani haɗari a 2006, aka rufe shi a 2009, aka rushe a 2012. Ko shekara 10 bai yi yana ɗaukar mutane ba.

Yanzu dubi Cyclone na Coney Island. Tun 1927 yake aiki, tsayinsa mita 26 kacal, har yau ana bin layinsa. Ko Phoenix da ke Knoebels a jihar Pennsylvania, wanda aka fara ginawa a Texas a 1947, aka kwance shi aka sake haɗawa a 1985. Bai wuce mita 24 ba, amma ya sha cin kyautar Golden Ticket ta mujallar Amusement Today a matsayin na katako mafi kyau, saboda yadda yake ɗaga mutum daga kujera tudu bayan tudu. Tsayi yana kawo mutum karo na farko. Abin da ke dawo da shi karo na 10 daban ne.

Me ya sa mutum biyu za su hau guda ɗaya, wannan ya yaba, wancan ya kushe?

Sau da yawa ba tafiya ɗaya suka yi ba. Na gaba yana ganin hanya a buɗe, iska na dukan fuskarsa, amma a gangaren farko sai ya ɗan rataya yana jiran na baya su ƙaraso. Na baya kuwa fizgo shi ake yi a ƙetare tudun da cikakken gudu. Na tsakiya ya fi samun sauƙi. Jirgin da aka tayar da sassafe ma yakan ɗan yi sanyin gudu kafin man tayoyinsa ya ɗumama, kuma cike da mutane ba ɗaya yake da rabin kujeru babu kowa ba.

Sai jiki. Abin ɗaurewa na kafaɗa yana iya zama daidai ga dogo, gajere kuwa kunnuwansa su yi ta bugun gefe. Mai jiki yana jin sandar cinya ta danne shi, siriri yana samun sarari ya tashi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kafin ka yanke wa jirgi hukunci, hau gaba, ka hau baya.

Na katako ko na ƙarfe?

Na katako yana da ƙara da ɗan kaɗawa, masoyansa kuma wannan suke so, su ce kamar yana da rai. Na ƙarfe ya fi santsi, ya fi kuma iya murɗiya da alkafura, tun da aka fara amfani da bututun ƙarfe a Matterhorn na Disneyland a 1959. Akwai na haɗi, ginshiƙan katako da layin ƙarfe, irin Steel Vengeance na wurin wasa na Cedar Point a Amurka, da aka buɗe a 2018 a kan gangar jikin wani tsohon na katako da mutane suka gaji da jijjigarsa. Ga yanayi irin namu, duba amsar da ta shafi dalilin rashin manya a Legas.

Me ke hana tarago ficewa daga layi, ko mutum faɗowa idan an kifa shi?

Idan ka samu dama, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin tarago daga bayan shinge. Tayoyi kashi 3 za ka gani sun rungume dogon: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana zamewa a kwana, da na ƙasa masu hana taragon ɗagawa. John Miller ne ya yi rajistar dabarar tayar ƙasan a 1919, kuma ita ta ba magina ƙarfin halin yin gangare mai tsanani.

A alkafura, gudun ne da kansa yake manna ka da kujera, kamar yadda yaro ke wulwula bokitin ruwa sama ruwan bai zube ba. Abin ɗaurewa ƙari ne. Ka lura kuma alkafurar zamani ba da'ira ce zagayayya ba, ta fi kama da ɗigon ruwa da aka kifa. Ta farko-farko, irin Flip Flap ta 1895, zagayayya ce, ta yi ta ji wa mutane ciwo a wuya. Injiniyan Jamus Werner Stengel ne ya tsara sabuwar siffar da aka yi amfani da ita a Revolution na Kalifoniya a 1976, yadda nauyin ke shigar jiki a hankali.

Idan aka ɗauke wuta muna sama fa?

Duk mazaunin Legas da ya yi wannan tambaya yana da hujja, kuma ita ce iyaye mata suka fi yi mini. Idan wuta ta ɗauke kuna kan tudun farko, sarƙa za ta tsaya, taragon kuma ba zai koma baya ba. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas-ƙas da kake ji lokacin hawa, wani harshen ƙarfe ne ke faɗawa cikin haƙoran da aka jera a kan layin, kowane taku yana kulle hanyar baya. Za ku zauna ne har wuta ta dawo, ko ma'aikata su sauko da ku ta matakalar gefe. Idan kuwa kun riga kun ƙetare ƙoli, dama ba wuta ke tafiyar da ku ba, jirgin zai ci gaba da tafiyarsa har ya isa birki na gaba.

Saura birki. A jirgin da aka gina bisa ƙa'ida, birki a kulle yake zama, ƙarfi ake sa wa a buɗe shi, don haka ɗaukewar wuta kama shi take yi. Na zamani da yawa kuma suna rage gudu da maganaɗisu na dindindin wanda ba ruwansa da lantarki. Sandar da ta ɗaure ka ita ma ba ta buɗewa don wuta ta tafi.

Abin tsoro na gaske hannun ɗan Adam ne. An raba layin jirgi yanki-yanki, kwamfuta ba ta barin jirgi 2 su shiga yanki ɗaya. A ranar 2 ga Yunin 2015, a wurin wasa na Alton Towers da ke Ingila, wani taragon gwaji da babu kowa ciki ya maƙale a kan layin jirgin The Smiler. Kwamfuta ta tsayar da na bayansa kamar yadda aka tsara ta, ma'aikata suka ɗauka kuskure ta yi, suka sake shi da mutum 16 a ciki, ya je ya daki wanda ya maƙale. 'Yan mata 2 sun rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016. Don haka idan jirgi ya tsaya ana bincike, kada ka shiga cikin masu ihun a yi sauri a tayar. Tsayawar nan, kwamfuta ce take yin aikinta.

Dogon layi ba alama ce ta cewa jirgi ya karɓu ba? Lalacewa kuma fa?

Wani lokaci alama ce, wani lokaci kuwa sakaci ne. Yi lissafi da kanka: jirgi mai kujera 24, idan ana sallamar sa duk minti 2, zai ɗauki mutum 720 a awa. Idan ma'aikata suna ɓata minti 4, an koma 360, layi ya ninka ba tare da mutum ɗaya ya ƙaru ba. Masoya na gaske sukan tsaya da agogo suna ƙirga tsakanin tashi da tashi.

Lalacewa kuwa ita ta fi ƙona mini rai. Wata sallah, kwana na 2, muka cika mota da yara, muka sha gosulo kusan awa 3 kafin mu kai wani wurin wasa. Aka yanka mana tikiti, ba wanda ya ce uffan. Muna shiga muka tarar da jirgin da muka zo dominsa an zagaye shi da igiya, taragun a lulluɓe da tamfol. Ƙaramin cikinsu ya tsaya riƙe da igiyar yana kallo, bai yi kuka ba, bai kuma yarda ya hau komai ba har muka tafi. Rufe jirgi don gyara daidai ne, ina ma yaba wa mai yin haka. Ɓoye wa mutane a bakin ƙofa ne zalunci. Wurin da ya san mutunci yana kafa allo a wajen sayar da tikiti ya rubuta abin da ba ya aiki yau.

A Legas ina za mu je, kuma ƙananan da muke da su sun cancanci kuɗinmu?

Wuraren da aka fi ambata su ne Apapa Amusement Park, da Dreamworld Africana a hanyar Lekki zuwa Epe, da Omu Resort a Bogije, da Hi-Impact Planet a babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, wanda ya faɗa ɓangaren jihar Ogun amma ya fi sauƙin kaiwa ga na Agege da Mile 12. Buga waya kafin ka fita, ka tambayi takamaiman lilon da kake so ko yana aiki ranar, da ko tikitin ƙofa ya haɗa da hawa.

Abin da za ka tarar a ƙasar nan na iyali ne, ba irin dodannin YouTube ba, kuma ban ga abin raini a nan ba. Yaron da bai taɓa hawa ba, tudun mita 8 sararin samaniya ne a wurinsa. A auna ƙaramin jirgi da aikin da aka yi shi dominsa: ya ɗauki uwa da ɗanta tare, ya tsorata su kaɗan, ya sauke su suna dariya. Wanda ya yi haka kullum ba fashi ya fi ƙaton da ke kwance rabin shekara.

Me ya sa babu manya a Legas, ga mutane ga kuɗi?

Kingda Ka kaɗai ya ci dala miliyan 25 a lokacinsa. Masu ƙera manyan kuwa 'yan kaɗan ne, irin su Intamin da Bolliger & Mabillard da Mack Rides da Vekoma, waɗannan duk a Turai suke, don haka tayoyi da sauran kayan gyara da dala ko yuro za a saye su ana karɓar tikiti da naira. Ga kuɗin gas na janareta. Ga tsadar fili: a Cape Town ma wurin wasa na Ratanga Junction rufewa ya yi a 2018, aka mayar da filin wurin gine-gine.

Sannan iskar teku. Duk wanda ya ajiye ƙofar ƙarfe a Lekki ko Apapa ya san yadda gishiri ke cinye ta. Jirgin ƙarfe a nan sai da fenti da duba walda a kai a kai, na katako kuwa ga damina mai tsawo ga gara. Ni da za a tambaye ni, matsakaici na ƙarfe nake roƙa wa Legas, mai tudu da yawa, tare da kanikawan gida da aka horar sosai da rumbun kayan gyara a ajiye.

Me zan duba kafin in ɗora yarana?

Tsaya ka kalli tashi 2 ko 3 tukuna. Ma'aikaci yana bi kujera-kujera yana jan kowace sanda da hannunsa, ko yana danna waya? Mai kula da maɓallan yana kallon jirgin har ya dawo? Dubi ginshiƙai: tsatsar da ta ci ƙarfe har ya ɓare, noti da ya ɓace, ko bel da aka ɗaure da igiya, kowanne ya isa ka fasa. Ido na baƙo yana da amfani. A 2023 wani maziyarci ne ya ɗauki bidiyon tsagewa a ginshiƙin jirgin Fury 325 da ke wurin wasa na Carowinds a Amurka, aka rufe jirgin har aka canza ginshiƙin.

Sandar auna tsayi kuwa, don Allah kada a roƙi alfarma. Na sha jin "Haba ɗana, ɗan kaɗan ne ya rage, ka bar shi mana." Hajiya, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne ratar da ke tsakanin cinyarsa da sandar da za ta riƙe shi. Ma'aikacin da ya ƙi ki, shi ne mai ƙaunar ɗanki.

Da hijabi ko babbar riga ana hawa?

Ana hawa da hijabi lafiya lau, in dai an tattare shi an cusa ƙasansa ƙarƙashin abin ɗaurewa ko an zauna a kai. Mayafin da aka yafa kawai shi ne haɗari, a naɗe shi a ɗaure. Babbar riga a cire a ba na ƙasa, 'yar ciki da wando sun isa. Hula ita ce ta farko da iska ke ɗauka, kuma idan ta faɗa cikin shinge a bar wa ma'aikata, kada kowa ya tsallaka. Waya a aljihu mai zif, silifa a bar su a tasha idan jirgin mai reto da ƙafa ne.

Wa bai kamata ya hau ba?

Mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon wuya ko baya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Mai farfaɗiya ko wata lalura ya ji daga likitansa. Ga sauran, a bar tazara tsakanin tuwon sallah da hawa, a sha ruwa saboda zafin Legas, a jingina ƙeya da kujera a kalli gaba. Runtse ido yana ƙara wa wasu jiri. Yaron da ya ce ba ya so, a ƙyale shi ya tsaya ya kalli 'yan uwansa.

Idan Allah Ya kai ni waje, wanne zan nema?

'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai su ne suka fi kusa. Formula Rossa na Ferrari World a Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010, yana kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5, har tabarau ake raba wa mahaya saboda yashi da ƙwari. A Saudiyya akwai Falcons Flight da aka gina a Qiddiya kusa da Riyadh, wanda aka tsara ya kai kilomita 250 a awa. A nahiyarmu kuwa, Gold Reef City na Johannesburg yana da Anaconda, wanda taragunsa ke rataye a ƙarƙashin dogo, ƙafafunka na reto a iska.

Idan karonka na farko ne, kada ka fara da mafi girma. Isa wurin ana buɗe ƙofa, kafin layi ya taru, ka fara da matsakaici a kujerar tsakiya. Idan ka sauko lafiya, koma ka nemi ta baya.